Albarka, Inna

Tun tana 'yar shekara shida Norelis ta ɗaura aniyar sai Reinaldo ya roƙe ta albarka, kuma har ta kai sha uku ba ta sauka daga kan bakanta ba. Ba za a ce ba ta da hujja ba. Reinaldo ɗan yayarta Yajaira ne, babbar 'yar gidan, wadda ta haife shi tun kafin mahaifiyarsu Eufemia ta yi cikin auta. Ya girme wa Norelis da shekara takwas, har gemu ya fara ajiyewa, amma duk da haka innarsa ce. A garinsu Quíbor kuwa kowa ya san abin da ake yi wa inna, kamar yadda ake yi wa uwa da uba da kaka da kawu. In za ka fita ko ka shigo, sai ka harɗe hannuwa a ƙirji ka ce, "Albarka, Inna," ita kuma ta ce Allah ya yi maka albarka, sannan a shiga wata magana.

Talabijin ce ta kunna wannan wutar. Eufemia tana da wata tsohuwa a falo, kuma duk yamma, in ba a ɗauke wuta ba, wata tasha takan maimaita wani wasan barkwanci na zamanin da, mai hoto baƙi da fari, wanda yawancin 'yan wasansa sun daɗe da kwanta dama. Gida ne guda cike da manya, kawunnai da innoni da kakanni, har da wani tsoho kurma da ba wanda ya san ta ina ya zama dangi. Akwai yaro mai gajeren wando da kullum yake shigowa a guje da labarin gaggawa, amma ba shi da ikon faɗa sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana roƙon albarka. Kafin ya gama da tsohon kurman, wanda sai an yi ta maimaita masa, akuya ta riga ta cinye rigar amarya. Eufemia ta san wasan nan tun tana budurwa, ta haddace shi kaf, amma kullum sai ta yi dariya har ta share hawaye da gefen riga. Daga nan ta juyo ta ce wa yaran su ga tarbiyya, gida na ci da wuta amma yaro bai tsallake kowa ba.

Wata rana aka nuna wani ƙaton mahauci mai gashin baki, wanda kakansa ya sake aure ya samu jaririya, wato innar mahaucin ke nan. Aka tisa ƙeyar mahaucin nan har gaban gadon jaririyar, ya cire hula ya roƙe ta albarka, ita kuwa ta amsa masa da gyatsa. Dariyar nan da ake sakawa a cikin wasan ta cika falo. Norelis tana zaune a ƙasa da arepa, wainar masararsu, a hannu, ba ta yi dariya ba. Ta dubi Reinaldo sama da ƙasa, ta tambayi uwarta ko ita ma inna ce. Eufemia ta ce ƙwarai kuwa, inna ce ta gaske. Shi ke nan Reinaldo ya shiga uku.

Ba irin dabarar da yarinyar nan ba ta gwada ba. Ta tare shi a bakin ƙofa, ta ɓoye masa takalmi, ta hana shi ragowar cuku. In yana tsaye da abokansa a bakin titi sai ta leƙo ta kira shi ɗana, ta tambaye shi ko ya wanke bayan kunnensa. Shi kuwa Tsako yake ce mata. Yakan ɗaga ta ta hammata ya ajiye a gefe kamar kujera, ya yi wucewarsa yana fito. In ta kai ƙara, Eufemia ta ce ba ruwanta, ba a tilasta wa mutum roƙon albarka, kuma ba a ba da ita in ba a roƙa ba. Wanda ya bi yaro da albarka ba a tambaye shi ba, in ji ta, ƙasa kawai ya zuba wa.

Albarkar Eufemia ba irin ta kowa ba ce. Sauran matan layin a gurguje suke amsawa, ido na kan tukunya. Ita sai ta goge hannu, ta ɗora shi a kanka, ta ce Allah ya yi maka albarka, Budurwa Maryamu ta raka ka, Allah ya tsare ka daga mugun aboki da direba mai barci, ya kai ka lafiya, ya dawo da kai ka same ni a nan. Ko shagon bakin layi za ka je sayen gishiri, sai ka sha ta duka. Maganar direban tana da asali. Mijinta Nicasio a motar albasa ya rasu, a hanyar Caracas, tun Norelis ba ta fara tafiya ba. Ranar ya fita da gaggawa bai biya ta gidan tsohuwarsa ya roƙi albarka ba. Mu dai mun san direba ne ya yi gyangyaɗi, amma je ka faɗa wa Eufemia.

Sai gidan ya fara yoyo, kamar kowane gida a layin. Yajaira ta tafi Lima neman aiki, ta bar Reinaldo a hannun kakarsa. Yayyen Norelis maza biyu, ɗaya ya tsallaka Colombia, ɗaya ya nausa Chile. Wanda ya tsaya wa Reinaldo ranar baftisma ma ya kulle gidansa ya bi sahu. Kowannensu sai da ya sunkuya a bakin ƙofar nan hannun Eufemia ya sauka a kansa. Bayan sun tafi sukan roƙi albarka ta waya, tana amsawa, amma in ta ajiye wayar takan ce albarkar da hannu bai taɓa kai ba rabin albarka ce. Gidan ya rage su uku.

Ana tsakiyar cirar albasa Eufemia ta faɗi a gaban kasko. Da aka dawo da ita daga asibitin Barquisimeto, ɓarin damanta ya shanye, harshe ya yi nauyi. Hankalinta na nan daram, tana jin komai, idonta na bin kowa, amma magana ta ƙi fita. Washegari Reinaldo zai tafi gona, ya harɗe hannuwa ya ce, "Albarka, Kaka," kamar yadda ya saba. Tsohuwar ta buɗe baki, ta yi ta kokawa, jijiyar wuyanta ta miƙe, ba abin da ya fito sai wani gurnani. Hawaye suka zubo ta ɓarin da yake da rai da wanda ba shi da shi. Daga ranar Reinaldo bai sake roƙo ba, sai dai ya sumbace ta a goshi ya fice da sauri. Norelis ma ta daina. Tausayi ne ya sa su, amma tausayin ya bar gidan shiru irin wanda ba a saba da shi ba.

Maƙwabciyarsu Chela, wata bazawara mai ƙiba da yawan surutu, ita take shigowa ta taya Norelis yi wa tsohuwar wanka da juya ta. Sauran aikin duk yana kan Norelis, daga kwaɓa garin masara har niƙa magani a cokali. Makaranta ta zama ta ganin dama. Da yamma takan tura kujerar uwarta mai taya gaban talabijin, don wasan nan shi kaɗai ne abin da yake sa rabin fuskar Eufemia murmushi.

Wata safiya Reinaldo ya sami Norelis a bayan gida tana ɗiban ruwa a tanki, ya rage murya ya ce zai tafi Lima. Uwarsa ta samo masa aiki, gonar albasa ba ta sayen maganin Kaka, kuma ya riga ya yi magana da Gumersindo mai babbar mota zai rage masa hanya zuwa tashar Barquisimeto ranar Asabar. Ya ce kada ta faɗa wa Kaka. Zai fita ne kamar mai zuwa gona, jakarsa tana ajiye a gidan Chela, in ya yi nisa sai Chela ta lallaɓa ta faɗa mata. Ya ce ba zai iya tsayawa ya ga tsohuwar nan tana kokawa da bakinta saboda shi ba.

Norelis ba ta hana shi tafiya ba, don ita take niƙa maganin, ta san saura nawa a kwalba. Abin da ta ce kawai shi ne ba zai fita gidan nan ba albarka ba.

"Ke Tsako, har yanzu kina nan kan wannan shirmen?" Ya yi tsaki. "Ana maganar manya kina kawo wasan talabijin."

Ta ce ba wasa take yi ba. Ya ce uwarsa za ta sa masa ta waya. Ta ce ya san abin da Mama take cewa a kan ta waya. Ya ɗauki fartanyarsa ya bar ta da bokiti a hannu.

Abin da Reinaldo bai sani ba, tsohuwar ta riga ta gane. Ta ga an wanke wandunansa duka a rana ɗaya, ta ga an kai takalminsa wajen mai gyara. Da yamman nan, yaron mai gajeren wando yana bin manyan gidansu yana roƙo, Norelis ta lura leɓen uwarta yana motsi duk lokacin da aka amsa masa, amma idonta ba ya kan talabijin. Yana kan bayan Reinaldo, wanda yake zaune a bakin ƙofa yana danna waya. Da aka kawo abinci ta kau da kai. Washegari ma cokali biyu ta karɓa ta rufe baki. Norelis ta san uwarta. In yaron nan ya fita kamar yadda Nicasio ya fita, Eufemia za ta ɗauka ta riga ta binne shi, kuma ba za ta sake cin abincin kirki ba har ta bi mijinta.

Norelis ta fara neman mafita. Ta je coci, aka ce fada, limamin cocin, yana can wajen Sanare, sai bayan Asabar zai zo. Ta roƙi Chela, Chela ta dafe ƙirji ta ce rufa mata asiri, ita maƙwabciya ce, addu'a za ta yi masa har ta gaji, amma albarkar bakin ƙofa ta jini ce. Ta lissafa dangi kaf, ba wanda ya rage a garin sai wani kawun babanta da ya rikice, wanda in ka gaishe shi sai ya tambaye ka kuɗin akuyarsa. Duk inda ta juya, kanta take dawowa. Ita kuma ta san Reinaldo, ya gwammace ya taka har Lima da ƙafa da ya ce mata Inna.

To, sai ta haƙura da Innar. Abin ya yi mata ciwo, don ta daɗe tana ɗauke da shi, amma ta haɗiye. Ta yanke shawara shi ya roƙi kakarsa, hannun kakar ya sauka a kansa, ita kuma ta ara wa uwarta baki. Ta yi ta bitar kalmomin tana wanke-wanke, tana shanya, har Chela ta leƙo ta katanga ta tambaye ta da wa take faɗa.

Ranar Asabar Norelis ta riga kowa tashi. Ta kira Chela suka yi wa Eufemia wanka, suka sa mata rigarta ta zuwa coci mai furanni shuɗaye, Norelis ta taje mata gashi ta ɗaure. Ta kulle ƙofar baya ta jefa mabuɗin a aljihu. Sannan ta ce wa Chela ta kawo jakar. Chela ta fara kame-kame, wace jaka, Norelis ta tsare ta da ido har sai da ta je ta ɗauko. Ta tura kujerar ta tokare ƙofar gaba da ita, ta ɗora jakar a cinyar uwarta. Eufemia ta dafe jakar da hannun hagu, ba ta nuna mamaki ko kaɗan ba.

Reinaldo ya fito daga ɗaki da tsofaffin kayan gona, wai shi mai wayo, ya yi turus. A waje motar Gumersindo ta riga ta tsaya, warin albasa ya cika layin, yana ta danna oda.

"Me kika yi haka, Norelis?" Rabon da ya kira ta da sunanta har ta manta.

"Abin da ka ga na yi. Ta sani tun ranar da ka wanke wanduna. Ka durƙusa ka roƙe ta."

"Kin san ba za ta iya ba. So kike ta yi kuka?"

"Kukan da za ta yi in ka sulale fa? Shi ba ka nan balle ka gani, ni zan gani." Ta ƙara tokare ƙofar da kujerar. "Ba na ce ka ce min komai ba. Na yafe. Ita za ka roƙa, ni bakinta kawai zan zama."

Ya dubi ƙofar baya, ya dubi Chela, wadda ta mai da hankali kan farcenta. Gumersindo ya gaji da oda ya sauko, ya tsaya a bakin shinge yana cewa rana tana yi. Reinaldo ya cire hula. Ya zo gaban kujerar ya durƙusa, ya harɗe hannuwa, ya ce a hankali, "Albarka, Kaka."

Norelis ta kama hannun hagun uwarta za ta ɗora a kansa, ta ja numfashi za ta fara. Sai tsohuwar ta fizge. Ba wanda ya san da sauran ƙarfi haka a jikinta. Ta damƙi wuyan hannun Norelis, ta ja shi, ta kife tafin yarinyar a kan gashin Reinaldo, ta danne da nata. Sannan ta zuba wa jikanta ido, ta nuna masa Norelis da haɓa. Ya yi kamar bai gane ba. Ta sake nunawa, har da gurnani da irin kallon nan da take yi musu in sun shigo gida da ƙafa duk laka.

Ba wanda ya yi dariya, ko Chela. Reinaldo ya juya a kan gwiwoyinsa ya fuskanci yarinyar. A durƙushen ma kansa ya kusa kai haɓarta. Idonsa ya yi ja.

"Albarka, Inna."

Shekara da shekaru Norelis tana tsara wannan ranar. Ta shirya za ta ɗaga hanci, ta sa hannu a kunne ta ce ba ta ji ba, sai ya maimaita kamar yadda ake yi wa tsohon kurman nan. Ko ɗaya bai zo mata ba. Tsoro ne ya kama ta, don ta ji gashinsa da ɗumi a ƙarƙashin tafinta, kuma ta ga ƙaton nan da gaske yake jira, kamar abin da za ta faɗa shi zai riƙe shi a hanya.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Budurwa Maryamu ta raka ka. Allah ya tsare ka daga mugun aboki da direba mai barci."

Daga bakin shinge Gumersindo ya cire hularsa ya ce amin, ya ƙara da cewa shi dai jiya ya yi barcinsa ya ƙoshi.

"Ya kai ka lafiya. Ya dawo da kai..."

A nan ta tsaya. Sau nawa ta ji ƙarshen nan, sau nawa ta maimaita shi a gaban kwanuka, amma ba ta taɓa sauraren abin da yake cewa ba. Ashe mai sa albarka alkawari yake yi. Kowa yana da damar ɗaukar jaka, ban da shi. Ita ma a ranta ta sha raya wata rana Yajaira za ta aiko a ɗauke ta, ta ga Lima, ta koma makaranta sosai. Ta dubi uwarta. Eufemia tana kallonta, hannunta na nan a kan nata bai sassauta ba, kuma a idon tsohuwar akwai roƙo da ban haƙuri. Ta san abin da ta ɗora wa autarta.

"Ya dawo da kai ka same ni a nan," in ji Norelis, ba ta rage murya ba.

Reinaldo ya ce amin. Ya kifa fuska a cinyar kakarsa, a kan jakar, kafaɗunsa suna rawa, tsohuwar tana shafa ƙeyarsa. Da ya miƙe, Norelis ta ja kujerar baya ta ba shi hanya. Ya kai hannu zai ɗaga ta ta hammata kamar da, sai ya fasa, ya sumbace ta a goshi. Ya rataya jakar ya hau gaban mota. Sun tsaya a ƙofa har motar ta sha kwana wajen gidan mai, Chela tana ta fyace hanci da gefen rigarta.

Da yamma aka kawo wuta. Norelis ta tura uwarta gaban talabijin ta koma kicin ta ɗora kasko. Daga can tana jin yaron mai gajeren wando ya shigo a guje, yana bin kawunnai da innoni ɗaya bayan ɗaya, ana ta dariya. Ta raya a ranta da gidansu ya shigo da ya gama da wuri, akuya ma ba za ta samu ta kai bakinta ga rigar ba. Ta fasa arepa ta jiƙa a romon wake, ta kawo ta zauna a gefen kujerar, ta miƙa cokali. Eufemia ta buɗe baki ta karɓa, ta haɗiye, ta sake buɗewa.